Wankan Inno

"Ba za ki shiga ba," in ji Zainulabidin. Bai ɗaga murya ba, buhun taki ma yake ɗaurewa a bayan babur, ko kallonta bai yi ba. "Ki dubi wuyan yaron nan, Shafa'atu, sannan ki ce min za ki shiga."

Shafa'atu tana tsaye a tsakar gida da mayafi a hannu, Awaisu na barci a bayanta. A ƙofar gida Murtala ne ke jira, ɗan maƙwabciyarsu Inno. Tun rana ba ta yi zafi ba ya yi sallama, ya ce Inno ta kwana tana rawar ɗari, ta kuma hana shi ya taɓa ta, ta ce a kira mata Shafa.

Ta ce wa mijinta abin da ke wuyan yaron ƙurajen zafi ne, babu jaririn da ba shi da su a layin nan da wannan damina. Shi kuma ya ce ai ba yau ya san Inno ba. A gabanta ya girma, ya ci wainarta tun yana zuwa makarantar allo, bai taɓa ƙyamarta ba. Amma abin da ya hango jiya ta bakin ƙofa, da ya leƙa gaishe ta, ba shi ne ciwon da ya sani ba. Wannan wani abu ne daban, har wari yake. Ya tura babur ɗin ya fita. Ta ji yana ba Murtala haƙuri, yana cewa mai jego ce, a nemi wata. Daga nan ƙarar babur ta yi nisa wajen gonakin masara.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, ta ƙasa, ruwan sama ya cinye kanta har in mutum ya taka turmi yana ganin tsakar gidan Inno. Shafa'atu ta taka. Babu kowa a fili sai awaki biyu da ba a kwance ba, suna ta kuka. Daga cikin ɗaki kuwa tana jiyo wani sauti ƙasa-ƙasa, sai da ta kasa kunne ta gane haƙora ne ke haɗuwa.

Duk wanda ya tashi a wannan layin na Maska ya san Inno da ciwonta. Bayan haihuwar Murtala abin ya fara fito mata, a gwiwar hannu da ta ƙafa. Fatar wurin ta yi kauri, ta yi duhu, samanta ya yi fari kamar an barbaɗa toka, in ta sosa ya riƙa zubowa kamar dusa. Daga baya ya hau kanta da gadon bayanta, ya ɓata mata farce. Wasu suka ce kuturta ce ke tafe, wasu suka ce sammu ne, wata gwaggon mijinta ta rantse wanka ta yi da magariba a inda bai kamata ba. Ta sha saiwoyi, ta sha rubutu, ta bar cin naman akuya shekara da shekaru. Sai wata kaka da auduga ta yi kyau, mijinta marigayi Maitama ya kai ta babban asibiti a Zariya. Likitan fata ya duba, ya ce sunan ciwon soriyasis. Ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarsa daga jikin wani, ba ya kuma warkewa gaba ɗaya, sai dai a yi ta lallaɓa shi. Inno ba ta taɓa iya faɗin sunan daidai ba, "abin nan" take ce masa. Amma sauran maganar ta riƙe ta da kyau.

Ta san halinsa kamar yadda ta san halin 'ya'yanta. Sanyi na tayar da shi, ɓacin rai ya fi sanyi. Kullum da hantsi takan zauna a bayan ɗaki ta buɗe bayanta rana ta taɓa shi, sannan ta jiƙa jikinta da ruwan ɗumi, ta bi shi da man kaɗanya tun kafin ya bushe. Farcenta a yanke yake ƙwal saboda susa. In ya tsananta sai Murtala ya karɓo mata man shafawar da likita ya rubuta, ta yi ta ɗan ɗiga shi kamar turare. Da mutane suka fara janye jiki daga wainarta, suna cewa ƙurar hannunta na faɗawa cikin ƙullu, ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta kife tandar, ta koma saƙar faifai da tabarma. Ta ce faifai dai ba a cin sa.

Da waɗannan hannuwan ta yi wa Shafa'atu wankan jego. Mahaifiyar Shafa'atu tana Dandume, ƙafa ta hana ta tafiya, Inno ce ke shigowa safe da yamma ta hura wuta, ta tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi ta fyaɗa mata, ta dama mata kunun kanwa. Ita ta fara yi wa Awaisu wanka. A lokacin Zainulabidin godiya kawai yake yi.

Sai maganar auren Nana Khadija ta taso, autar Inno, da wani malamin makaranta ɗan Kafur. Uwar saurayin ta zo gaisuwa da danginta, ana cikin hira mayafin Inno ya zame, ta ga tsintsiyar hannunta. Bayan sun koma aka aiko ana tambaya, cikin ladabi, ko abin na gado ne, ko kuma irin wanda ake gudu ne. Nana Khadija ta yi kwanaki ba ta cin abinci. Ana saura 'yan makonni biki fatar Inno ta fara washewa. Kafin ranar ɗaurin aure ta yi sumul, kamar ba ita ba. Ranar yini ta sa riga mai gajeren hannu, ta ci a faranti ɗaya da surukai, mata suna ta cewa Allah ya yaye mata. Shafa'atu dai ta lura fuskarta ta yi kumburi ta zagaye. Da ta tambaye ta, dariya Inno ta yi, ta ce kwanciyar hankali ce.

Shafa'atu ta sauko daga kan turmin. Ta kwance Awaisu, ta shimfiɗe shi a ɗaki cikin gidan sauro, ta tsaya ta ga bai farka ba. Ta yafa mayafi ta fita.

Ɗakin Inno da ɗumi kamar ɗakin mai jego. Murtala ya sa kaskon gawayi a gefe, ya lulluɓe ta da barguna biyu, duk da haka gadon na motsi saboda rawar jikinta. Warin da Zainulabidin ya faɗa yana nan, kamar na miyar da ta kwana ba a ɗumama ba. Inno ta buɗe ido.

"Kin zo. Malam ya bar ki?"

"Ya tafi gona."

Inno ta ce, "To yi sauri."

Da Shafa'atu ta ɗaga bargon sai da ta kau da kai ta karanta abin da ya zo bakinta. Babu sauran wurin da za a ce nan ne ciwo, nan ne lafiya. Daga wuya har tafin ƙafa fatar ta yi ja mai duhu kamar wadda aka watsa wa tafasasshen ruwa, tana saɓulewa fale-fale, ga ƙananan ƙuraje masu ruwa kamar tsabar gero a cinya da haƙarƙari. Ƙafafun sun kumbura. Zanen ya manne da bayanta, shi ya sa ta hana ɗanta ya taɓa ta. Shafa'atu ta sa Murtala ya kawo ruwan ɗumi ya tsaya a waje. Ta riƙa jiƙa zanen kaɗan-kaɗan tana janyewa, Inno na cije leɓe, har ya rabu da jikin. Ta ɗauko tsohon zane mai laushi ta ɗaura mata, ta ba ta ruwa. Inno ta shanye kofin, ta nemi ƙari.

"Allura ce, Shafa," ta ce, muryarta a dishe.

A hankali ta ba ta labari, tana yi tana hutawa. Wata mata ce a kasuwa ta yi mata kwatancen wani mai kemis a Funtua, ta ce yana da allurar da ke share kowane irin ciwon fata. Duk mako Murtala ke kai ta a babur. Da aka gama biki, aka kai amarya, sai ta daina zuwa, tunda buƙata ta biya. Kafin wata ya zagayo abin ya dawo, ya kuma ƙi tsayawa a wurarensa na da.

Shafa'atu ta ce ai da ta sani da ba ta yi ba. Inno ta girgiza kai a kan matashi. Ta ce ta sani. Tun a Zariya likitan ya gaya mata, Maitama na zaune, cewa kada ta yarda wani ya yi mata allura ko ya ba ta ƙwaya a kan wannan ciwon ba tare da ganin likita ba. Zai kwanta, ta ɗauka ya tafi, amma ranar da ya tashi ba za ta gane shi ba. Shekara nawa tana riƙe da maganar, ana kawo mata magani iri-iri tana cewa ta gode.

"Na zauna da abin nan lafiya, ni da shi mun saba. Yarinyar ce na ga ta daina cin abinci." Ta kamo hannun Shafa'atu, tafinta da zafi kamar dutsen guga. "Kada Nana ta ji. Murtala na riga na sa shi ya rantse. In ta ji, gidan mijin ba zai zaunu gare ta ba."

Shafa'atu ta ce ba za ta faɗa ba.

A tsakar gida suka yi ta ja da Murtala. Shi gani yake tunda allurar ce ta kwantar da ciwon, a koma a ƙara ɗaya, ta samu ta miƙe. Ita kuwa ta ce asibiti, yau, kafin la'asar. Ya kira mai kemis ɗin a waya a gabanta. Mutumin ya saurari bayanin, ya yi tambaya biyu, sai muryarsa ta canza. Ya ce a kai ta asibiti yanzu-yanzu, kuma babu buƙatar a ambaci sunansa. Ya kashe wayar. Murtala ya tsaya yana kallon fuskar wayar.

Samun mota ya zama aiki. Direban farko ya shigo har bakin ɗaki, ya leƙa, ya ce ya tuna an yi masa lodi a tasha. Na biyu a waya ma ya ƙi, domin labari ya riga ya zaga layin cewa kuturtar Inno ta fashe. Shafa'atu na ta kai-kawo tsakanin gidajen biyu, ta wanke hannu ta ba Awaisu nono, ta dawo ta ba Inno ruwa. Daga ƙarshe Ɗanjuma ne ya yarda, mai a-kori-kurar da ke ɗaukar hatsi zuwa kasuwa. Ya share bayan motar, ya shimfiɗa buhunan da babu komai a ciki, aka ɗora katifa.

Murtala ya riƙe kafaɗu, Shafa'atu ta riƙe ƙafafu cikin bargo. Mata sun fito bakin ƙofofinsu suna yi mata sannu daga nesa. Suna tsallake dakalin ƙofar gida ke nan babur ɗin Zainulabidin ya shawo kwana. Ya tsaya. Bai kashe injin ba. Ya dubi matarsa, ya dubi hannuwanta a ƙarƙashin ƙafafun Inno, ya dubi bayanta inda babu goyo. Shafa'atu ba ta iya sakin abin da ta riƙe ba, don haka ta ci gaba da tafiya da baya-baya har suka kwantar da ita. Inno ta ɗago hannu daga cikin bargo, ta ce, "Malam, ni na kira ta. Ka yafe min."

"Allah ya ba ki lafiya, Inno," ya ce. Ya tura babur ɗinsa cikin gida.

Bai yi mata faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mata sauƙi. Ya ce ta cire kayan jikinta ta jiƙa su daban. Duk lokacin da za ta ɗauki yaron sai ya tsaya a kanta ta wanke hannu da toka da sabulu har gwiwa. Tuwon da ta tuƙa ranar ya kwana a rufe, washegari ta ga ledar abincin tasha a zaure. In ya shigo sai ya ɗaga haɓar Awaisu ya duba wuyan a haske, ya mayar da shi, ya fita. Ita ma, in ba ya nan, ta sami kanta tana duba wuyan. Ta san ƙurajen zafi ne. Ta san abin da likita ya gaya wa Inno. Amma likitan bai ga abin da ta gani a ƙarƙashin bargon ba.

Murtala ya kira daga asibiti. Ya ce an ba Inno gado, an sa mata ruwa. Likita ya ce jikinta na zubar da ruwa da ɗumi ta fata, ƙwayar cuta ta samu hanya ta shiga jini, zuciyar kuma ta gaji. Likitan ya tambaye su abin da aka yi mata, Murtala ya faɗa. Sun ce in ta ɗan farfaɗo za a wuce da ita Zariya. Shafa'atu ta sa shi ya tambayar mata ko ana ɗauka. Ya dawo ya ce a'a, ko a yanzu ma ba a ɗauka, ita ce ma ya kamata a kiyaye daga dattin hannun mutane. Ta gaya wa Zainulabidin. Ya ce to, Allah ya sa. Bai ci tuwon ba.

Ranar Laraba da safe, tana tankaɗen gari, ta ji salatin maza a ƙofar gidan Inno.

Kafin azahar motar Ɗanjuma ta dawo da gawar. An kwana ana ruwa, layin duk caɓi. Zainulabidin ya ɗauki diga da shebur ya bi masu haƙar kabari tun kafin a nemi kowa. Shafa'atu ta goya Awaisu ta shiga gidan, domin yau kowa ma shiga yake. Tsakar gida ta cika da mata, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, wasu na jan carbi, wasu na kuka a hankali. An kwantar da Inno a ɗakinta, an saki labule. Ruwa ya yi ɗumi a tukunya, an kawo garin magarya, likkafani na hannun tela. Babu wadda ta tashi.

Hajiya Ummukulsum ce ke wanke matan unguwar, ta yi shekaru tana yi don Allah. Ta zo, ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno kusa da ƙofar, ta ɗaga labulen ta leƙa, ta sake shi. Ta ce ita dai ta tsufa, ga jikoki a gida, kuma ba za ta iya ita kaɗai ba ko da ta so. Wata ta ce ai da an bari an wanke ta a asibiti. Wata ta ce ta ji ana cewa irin wannan taimama ake yi. Aka aika wa liman a waje. Amsa ta dawo ta bakin Murtala, daga bayan zaure: in ana tsoron fatar za ta saɓule, kada a cuɗa, a zuba ruwa kawai a hankali ya game jiki, ya wadatar. A kuma hanzarta, hadari na haɗowa.

Ana cikin haka Nana Khadija ta iso daga Kafur, uwar mijinta na biye da ita. Sauran lallen biki bai gama fita daga ƙafarta ba. Ta nufi ɗakin kai tsaye, mata biyu suka riƙe ta, suka ce ba za ta iya gani ba, ga shi kuma an ce tana da ƙaramin ciki. Ta zube a bakin ƙofa tana kiran Inno. Surukar tata ta zauna can gefe, ta tattare zanenta a cinya, tana bin tabarmar da kallo.

Shafa'atu ba ta taɓa wanke gawa ba. Ta kalli ƙofar gida, ta san mijinta na maƙabarta, ba zai dawo ba sai an gama haƙa. Babu wanda za ta nemi izini a wurinsa. Ta kwance goyon, ta miƙa Awaisu ga matar da ke kusa da ita.

"Hajiya, ki gaya min yadda ake yi. Ko daga bakin ƙofa ne."

Hajiya Ummukulsum ta dube ta sama da ƙasa. Ta tambaye ta ko Malam ya sani. Shafa'atu ta ce Allah ya sani. Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya, ta ce a miƙo mata leda biyu. Ta zura hannuwanta a ciki, ta ɗaure a tsintsiya, ta dafa gwiwa ta tashi.

A ciki Inno ta ƙanƙance. Rawar jikin ta tafi, jan ma ya dusashe, fuskar ta saki kamar ta mai barcin rana. Hajiya ta tsaya wajen kai da buta, tana faɗa a hankali, Shafa'atu na yi. Suka rufe ta da zane daga ƙirji zuwa gwiwa. Shafa'atu ta naɗe ƙyalle a hannu ta yi mata tsarki, ta yi mata alwala, ta shafa leɓɓan da suka tsage da jiƙaƙƙen yatsa. Sai aka fara da ɓangaren dama. Hajiya na zuba ruwan siriri, Shafa'atu na tallafe da kafaɗar da tafin hannunta, tana juya ta kamar yadda ake juya jariri. Duk da haka wani wurin sai fata ta biyo hannunta. Karon farko ta tsaya cak, hawaye suka rufe mata ido. Hajiya ta ce ta ci gaba, mamaci ba ya son jira, kuma abin da aka gani a nan a nan ake barin sa.

Da aka zo juya ta hagu nauyin ya fi ƙarfin Shafa'atu. Hajiya ta ajiye butar ta kama, ledar ta riƙa zamewa a jikin da ya jiƙe, sau biyu kafaɗar na suɓucewa. Ta yi tsaki, ta fizge ledojin da haƙori ta yar a ƙasa, ta kama da hannunta. Suka warware kitson, suka zuba ruwa a kan, suka raba gashin gida uku. Suka tsane ta da zane mai laushi, ana ɗorawa ana ɗagawa. Da likkafani ya iso suka naɗe ta, Hajiya ta ɗaure, ta yi addu'a, ta ce a gaya wa maza.

Da aka fita da makara gidan ya ɗauki kuka. Shafa'atu ta zauna a bakin rijiya, gaban rigarta a jiƙe. Nan Nana Khadija ta same ta. Ta durƙusa a gabanta, idanunta sun kumbura. Ta yi mata godiya, ta sake yi. Sannan ta rage murya.

"Yaya Shafa, ai ta warke. Da idona na gani ranar biki. Me ya tayar da shi haka? Na tambayi Yaya Murtala, ya ƙi duba na."

Surukar na can gefe, amma kanta ya juyo wajensu. Shafa'atu ta ce ciwon dama haka yake, ya kwanta ya tashi, ita ma Nana ta sani. Bana damina ta yi sanyi, ga shekaru, ga zuciya. Likita ma ya ce zuciyar ce ta gaji.

"Ba ta ce komai a kaina ba?"

"Ta ce ki ci abinci."

Nana Khadija ta daɗe tana kallonta, kamar mai neman wani abu a bayan maganar. Daga baya ta kifa kanta a cinyar Shafa'atu, a kan jiƙaƙƙen zanen, ta ci gaba da kuka. Shafa'atu ta ɗaga hannuwanta sama kaɗan, ta rasa inda za ta sa su, sannan ta ɗora su a bayan yarinyar.

Sai bayan la'asar ta tuna ba ta ga Awaisu ba. Matar da ta bar shi a wurinta ta ce ai babansa ya aiko an karɓe shi tun da suka dawo daga maƙabarta. Shafa'atu ta yafa mayafi ta fito. Tazarar ƙofa da ƙofa ce zuwa gidanta. An fara yayyafi.

Zainulabidin na zaune a bakin ɗaki a kan tabarma, wandonsa jar laka har gwiwa, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Yaron na kan cinyarsa yana tsotsar yatsa, yana ƙananan koke-koke na yunwa. Ta yi sallama, ya amsa. Ta tsaya tana jiran abin da zai ce. Bai tambaye ta ba, ta kuma gane an riga an gaya masa.

"Ga ruwa can," ya ce.

A bakin banɗaki akwai bokiti cike, tururi na tashi, ga sabon sabulu a kan murfi ba a ɓare ba. Murhu na ta hayaƙi, itacen ya jiƙe, an ga alamar wanda bai saba hura wuta ba ya sha fama da shi. Ta tsaya tana kallon bokitin. Ba ta san ko tsoro ne ya sa shi ba ko tausayi, ba ta kuma tambaya ba. Ta ɗauka ta shiga.

Da ta fito ta sauya kaya, ya miƙo mata yaron. Ta zauna a ɗaya ƙarshen tabarmar ta sa shi a nono. Zainulabidin ya jingina da bango ya lumshe ido, hannuwansa a buɗe a kan gwiwa. Yayyafin ya ƙaru, yana sauka a cikin bokitin da ta bari a tsakar gida.